Maus ɗin Malama Ummulkhairi

"Wanga ba tasbihi na ba," in ji Saude.

Matan da suka cika ɗakin suka juyo suna kallonta kamar ta yi saɓo. Sati uku ke nan Malama Ummulkhairi tana kwance tun da hawan jini ya kayar da ita a bakin rijiya. Baki ya karkace, magana ta ɗauke, jiki ya mutu, sai ido da ɗan motsi a hannun dama. Asibiti sun riƙe ta kwana goma, sannan likita ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a, kowa kuwa ya san fassarar wannan. Tun daga ranar manuniyarta ba ta huta ba, tana ta bugun zanen gado. Duk wadda ta shigo dubiya sai ta ga yatsan, ta yi kabbara, ta fita tana ba da labarin baiwar Allah da harshenta ya mutu amma yatsanta bai bar ambaton Ubangiji ba. Har liman sai da ya kawo misali da ita bayan sallar azahar.

"Haba Inna Saude," in ji Nusaiba, 'yar Malama tilo, wadda ta baro aikinta a Gusau ta zo jinya. "In ba tasbihi ba, mi na na?"

"Diba da kyau. Mai tasbihi ɗai-ɗai yaka yi. Ita biyu-biyu taka bugawa, ta tsaya, ta koma. Shekara goma sha takwas ina zaune gehenta ina kallon yatsan ga, ni za a hwaɗa ma? Abin kwamhutarta taka biɗa. Akwai magana bakinta."

Wata dattijuwa ta ja tsaki, ta ce mutum na bakin kabari ana zancen kwamfuta. Saude ba ta kula ta ba. Ta sunkuya daidai fuskar ƙawarta ta ce, "Malama, maus kika so?" Idon Malama ya rufe a hankali ya buɗe, hawaye ya gangaro ta gefen da ya karkace ya shiga kunne. 

Malama Ummulkhairi ta yi aikin tafireta a sakatariya har ta ajiye, sannan ta mayar da zauren gidanta na nan Talata Mafara shagon buga takardu. Saude, maƙwabciyarta ta jikin katanga, ba ta san ko bihim a boko ba, amma kullum da hantsi takan ɗauko tiren ƙuli-ƙulinta ta zauna a bakin zauren, tana ciniki suna hira. A gabanta aka sauke kwamfutar farko, 'yar gwanjo, daga Sakkwato, tare da maus ɗinta, wannan ɗan abu mai doro da doguwar waya da ake ja a kan tebur ana dannawa. Kwamfutar ta mutu, ta biyu ta bi ta, wuta ta ƙone ta uku, maus yana nan daram. Fari ne da ya zo, ya koma kalar kunun tsamiya. Inda yatsa ke zama ya lotsa ya yi santsi, wayar an naɗe ta da baƙin tef a wuri biyu. Ya faɗo daga tebur ba adadi, shayi ya zube masa, akuya ta taɓa tauna wayarsa. Rabin auren unguwar nan ta ƙarƙashinsa katinsu ya bi, haka takardun neman aiki da na sayen fili da na koke.

Sau uku Nusaiba tana kawo wa uwarta sabo, don kunyar ƙazamin abin nan a gaban mutane. Ɗaya ya yi wata huɗu ya fara danna biyu in an danna ɗaya, ɗaya ya cinye batir kamar mai jin yunwa, na ukun ba wanda ya san abin da ya same shi, ya dai daina. Kowane lokaci Malama takan jawo aljihun tebur ta fito da tsohon, ta hure shi, ta ce tsohuwar zuma da ita ake magani.

Aka kinkimo kwamfutar daga zaure aka ɗora a kan kujera 'yar tsuguno a gefen katifa. Sai aka nemi maus aka rasa. Nusaiba ta amsa cewa ranar da ta share shagon ta zuba shi cikin kwandon tarkace, kawunta Surajo ya tafi da kwandon Birnin Tudu. Ta ce ba komai, yau Talata, kasuwa na ci, ta fita da sauri ta dawo da sabo fil a kwali, baƙi, marar waya, ɗan mitsitsi kamar sabulun wanka da ya kusa ƙarewa.

Suka ɗora hannun Malama a kai. Hannun ya zame. Suka sake ɗorawa, Nusaiba ta tallafe gwiwar hannun, kibiyar da ke fuskar kwamfutar ta yi tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan ta ɓace. Yatsan yana ta bugu, amma a iska yake bugu, don abin ya yi masa gajarta. Suka gwada biro, ya faɗi. Suka gwada waya, ba ta ko kalle ta ba. Can Malama ta kawar da ido zuwa bango, numfashinta yana fita da wani ƙara da bai da shi jiya. Saude ta taɓa jin irin wannan numfashi wajen mijinta, ta san abin da ya rage ba yawa, tsoro ya kama ta sosai kada matar nan ta tafi da maganarta a ciki.

"Kira kawunki," ta ce.

Wayar Surajo ba ta shiga, kamar kullum in yana gona. Saude ta koma gida ta zari mayafi. Nusaiba ta biyo ta har ƙofa tana cewa hanya ba tabbas, kuma abin da ya yi sati uku cikin shara ai ya gama aiki.

"Ke ba ki san shi ba," in ji Saude. "Ki dai riƙa ba ta ruwa da cokali. Ki ce mata na tahi in ɗauko."

Motar Bakura ta cika da 'yan kasuwa masu komawa da wuri. Direba ya tambayi wanda ya fito daga can ko hanya lafiya, aka ce lafiya, suka yi bismilla. Damina ta zauna, gero ya fitar da kai, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya. Saude ba ta ga ko ɗaya ba. An matse ta tsakanin buhun gishiri da wata mai goyo, tana ta juya abu guda a ranta, wace magana ce ta hana Malama tafiya cikin salama.

Magana ɗaya ce ta san tana tsakaninsu, ita kuwa da hannunta ta binne ta. Shekara biyar da suka wuce ɗanta Murtala ya kwance shanun huɗar da ubansa ya bari, ya sayar, ya shige dajin da ke bayan Maradun haƙar zinare. Saude ta kwana uku ba ta ci ba, a na huɗu ta zauna a zauren Malama ta ce a rubuta. Ta ƙi waya, ta ce maganar waya iska ce, so take ya gani da idonsa ya ajiye. Ta ce a rubuta ba ita ba shi, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba, kuma ƙasar da ya zaɓa a kan uwarsa ita za ta ci shi. Malama ta ba ta haƙuri har ta gaji, sannan ta buga, ta ninke, aka ba direban Maradun. Bayan wata huɗu rami ya rufta da mutum shida, Murtala na ciki. Abokinsa da ya kawo kayansa ya ce an samu takardar a aljihunsa cikin leda, bai taɓa rabuwa da ita ba. Saude ta ce a jefa ta murhu, aka jefa. Ranar sadakar bakwai Malama ta jawo ta gefe ta ce, "Saude, zancen takardar nan," ita kuwa ta toshe mata baki da tafin hannu ta ce ta haɗa ta da Allah da Annabi kada ta ƙara tayar da shi har abada. Malama mace ce mai tsoron a haɗa ta da Allah. Sau biyu bayan nan ta buɗe baki, Saude ta tashi da tirenta, daga nan ba a sake ba. Tun lokacin Saude take kwana take tashi da sanin cewa bakinta ne ya kashe ɗanta, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Daga Bakura ta hau kabu-kabu zuwa Birnin Tudu. Ta iske Surajo ya dawo gona ke nan yana wanke ƙafa a ƙofar gida. Duk saurin da take yi sai da aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da ruwa da gajiya da mai jiki, aka kawo ruwa a kwanon sha ta kurɓa. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Surajo ya riƙe haɓa. "Yanzu Saude tun daga Mahwara kin ka zaka don wanga tarkace? To ai shina nan, aiki ma yaka yi."

Ya kai ta bayan rumbu. Ga akurkin kaji, ƙofarsa ɗaure da wata waya mai baƙin tef, abin kuma yana reto a ƙasa, rabinsa cikin laka, kashin kaji ya yi masa rawani. Ya ce igiyar ƙofar ce ta tsinke, muzuru ya dame su, ya duba kwandon ya ga ba abin da ya kai wannan waya ƙwari. Ruwan sama bakwai ya ƙirga a kansa, biyu da ƙanƙara.

Saude ta matsa kusa. Ta tsuguna ta kwance ƙullin da kanta, tana lallaɓa shi kamar cibiyar jariri, ta goge lakar da bakin zaninta. Da Surajo ya ji yadda numfashin yayarsa ya koma, dariyar ta bar fuskarsa. Ya tokare ƙofar akurkin da dutse, ya fito da babur ya ce ta hau.

Ana kiran la'asar suka shigo gida. Masu dubiya sun watse, sai Nusaiba zaune da kofi da cokali. Ta karɓi abin da yatsa biyu, ta juya shi, sai ga kiyashi suna fitowa a jere ta ƙarƙashin madannin.

"Inna, gida sun ka yi ciki."

"Su hita, mai gida ta zaka."

Nusaiba ta bubbuga shi a tafin hannu, ƙasa ta zubo, ta hure bakin wayar, ta sa tsinke ta sakace shi. Surajo ya tayar da janareto a tsakar gida. Ta soka wayar a bayan kwamfutar, ta kifa abin a tafinta suna kallo su uku. Abin bai kama ba.  Nusaiba ta zare ta sake sokawa, ta ɗan murɗa wayar daidai inda tef yake, yadda ta sha ganin uwarta tana yi.

Wata jar wuta ta kama a cikinsa.

"La'ilaha illallahu," in ji Surajo daga bakin ƙofa, ya cire hula ya mayar. "Ruwa bakwai! Walle ko jakina ba ya ɗaukar haka."

Ba wanda ya yi dariya. Abin roba ne da mutum ya ƙera a wata ƙasa da ba su san sunanta ba, wanda ya ƙera shi ma watakila ya manta da irinsa, ga shi ya fito daga ƙarƙashin kaji yana jiran aiki. Saude ta shimfiɗa bangon wani tsohon rajista a kan katifa, ta ajiye shi, ta ɗago hannun Malama da hannu biyu ta sauke a kai. Tafin ya hau doron ya zauna, babban yatsa ya sami gefensa, manuniya ta faɗa cikin lotsawarta kamar ƙafa cikin tsohon takalmi. Malama ta ja wani dogon numfashi.

Kibiyar ta motsa. Ba tsalle, ba rawa, tana tafiya kaɗan-kaɗan kamar tsohuwa mai hawan tudu. Ta tsaya a kan wata 'yar jaka ruwan ɗorawa. Ƙyas-ƙyas. Jakar ta buɗe, ga wasu jakunkunan a jere, kowace da shekararta. Hannun ya huta, gumi ya tsattsafo a goshin Malama, Saude ta goge mata. Nusaiba ta miƙa hannu za ta taimaka, idon uwarta ya harare ta, ta janye. Kafin a kai inda za a je inuwar katanga ta cinye tsakar gida, sau biyu kibiyar tana wuce wuri tana dawowa, amma ko sau ɗaya abin bai ƙi dannuwa ba, bai kuma danna inda ba a sa shi ba. Ƙyas-ƙyas. Farar takarda ta cika fuskar kwamfutar.

Nusaiba ta matso ta karanta kan takardar, muryarta ta sauka. "Wasiƙar Saude zuwa ga ɗanta Murtala."

Saude ta miƙe tsaye. Ta laluba mayafinta. Ashe abin da ta sha rana ta ɗauko ke nan, a tone mata asiri a gaban 'yar cikin Malama da ƙanenta.

"Malama, na haɗa ki da Allah."

Ƙyas-ƙyas. Ƙyas-ƙyas. Yatsan bai tsaya ba, idon kuma yana kanta, ba roƙo a cikinsa, umarni ne, irin kallon da Malama kan yi wa mai son a buga masa ƙarya. Saude ta kai bakin ƙofa, Surajo ya matsa ya ba ta hanya ya fice tsakar gida. Ta tsaya riƙe da labule. Shekara biyar matar nan ta kame bakinta saboda rantsuwar da aka ɗora mata, yanzu ƙarfinta na ƙarshe take ƙararwa a kan abin nan. Saude ta dawo ta zauna a ƙasa, ta juya wa kwamfutar baya.

"Karanta," ta ce.

Nusaiba ta karanta kwanan wata, shi ne na ranar da Saude ta sa aka rubuta. Sannan ta ci gaba.

"Murtala ɗana, bayan gaisuwa mai yawa. Na ji zafin abin da ka yi, ba zan ɓoye maka ba, kwana uku ban ci abinci ba. Amma shanu dukiya ce, tana tafiya tana dawowa, kai kuwa ba ni da wani. Na yafe maka duniya da lahira. Ka riƙe salla, kada ka shiga rami da yunwa, kada ka ci haƙƙin abokin aikinka. Ran da ka gaji ka dawo, ko da zinare ko babu, ɗakinka yana nan ina share shi. Allah ya yi maka albarka. Mahaifiyarka, Saude."

Janareto yana ta ƙara a waje. Saude ta juyo a hankali.

"Ba haka nic ce ba."

Ta kafe Malama da ido.

"Malama, ba haka nic ce ba. Wagga kin ka ba direba? Wagga ta cikin aljihun Murtala?"

Idon ya rufe, ya buɗe.

Kukan da Saude ba ta yi ba ranar da aka kawo kayan Murtala, shi ya zo mata yanzu, tun daga ciki, har sai da ta dafa ƙasa. Ashe yaron da albarkarta ya shiga ramin nan. Ashe abin da yake ɓoyo cikin leda kada gumi ya taɓa ke nan, ita kuma ta sa aka jefa a wuta. Ta rarrafa ta kifa goshinta a kafaɗar Malama tana cewa, "Kin cuce ni, kin yi mani rana, Allah shi saka miki da Aljanna," duk a haɗe, ita kanta ba ta san wanne take nufi ba. Da ta ɗago sai ta ga idon yana jiran wani abu, ta gane. Mai buga takarda amana ake ba shi, Malama kuwa a iya sanin kowa ba ta taɓa sauya wa mutum ko harafi ba sai wannan.

"Na yahe miki," in ji Saude. "Duniya da lahira. Ke ma ki yahe mani bakin da nir rufe miki."

Yatsan ya kwanta a inda yake, bai sake bugawa ba.

Malama ta cika washegari da hantsi, Saude tana ɗiga mata ruwa, Nusaiba tana laƙƙana mata kalmar shahada. Saude ce ta yi mata wanka tare da dattijuwar nan mai tsaki. Kafin azahar maza suka ɗauke ta, mutanen da suka bi makarar har sun toshe titi, da yawansu da takardar da ta buga musu suka sami abin da suke ci.

Gida ya rage sai mata. Saude ta ja Nusaiba zuwa ɗakin, ta ce ta fitar mata da wasiƙar. Aka sake tayar da janareto, Nusaiba ta jona firinta, ta ɗora hannu a kan maus ɗin uwarta ta danna, ya amsa mata kamar ba abin da ya faru. Takardar ta fito da ɗuminta. Saude ta karɓa da hannu biyu, ta fita ta zauna a dokin ƙofar zaure, ta shimfiɗa ta a cinya tana kallon baƙaƙen layukan.

"Ina sunanai?"

Nusaiba ta gyara mata takardar, don a juye take, ta kama yatsanta ta ɗora a kan sunan Murtala. Saude ta bar shi a wurin. Can ƙarshen titi maza sun fara dawowa daga maƙabarta, ɗai-ɗai, da jar laka a ƙafafunsu.